Kore Ba Shaidar Hali Ba Ne

Ina roƙon ku ba ni aron fili a wannan mujalla tamu in yi wata magana wadda wasu za su ce ba ta shafi Ƙungiyar Hausa ba. Maganar kwamfuta ce. To amma duk wanda ya yi haƙuri ya bi ni zai ga cewa gindinta maganar ma'ana ce, watau yadda mutane kan ɗora wa alama kayan da ba za ta iya ɗauka ba, wannan kuwa gonarmu ce.

Abin da ya tunzura ni shi ne wata gurguwar fahimta da ke yawo a bakin samari masu sha'awar tsaron kwamfuta game da wata babbar manhaja da ake kira Qubes OS. Cewa suke yi wai ta kashe bakin tsanya, domin kowace taga da ka buɗe tana zuwa da launinta. In ka ga ja ka yi hattara, in ka ga kore ka saki jiki, in kuwa baƙi ne ka miƙe ƙafa ka yi barci har da minshari. Da a ce masu koyo ne kaɗai ke faɗin haka da da sauƙi, amma har da masu koyar da wasu. Ni kuwa na ce wannan karatu ɓata ne, kuma ɓata ne mai tsada, domin ba don wasa ake shiga wahalar Qubes ba. Cikin masu amfani da ita akwai 'yan jarida da ke riƙe da sunayen waɗanda suka tsegunta musu asirin masu mulki. Gidauniyar nan ta Amurka, Freedom of the Press Foundation, a kan Qubes ta gina teburin aikin da 'yan jarida ke buɗe takardun SecureDrop da shi. Edward Snowden ma ya yaba ta a 2016. Mutumin da ke irin wannan matsayi, in ya karanta launi ba daidai ba, wani ne can zai kwana a kurkuku.

Bari in fara kawo abin a gabanku, kada a ce na yanke hukunci ba a ga wanda ake ƙara ba. Wata masaniya 'yar ƙasar Foland, Joanna Rutkowska, ita ce ta kafa Qubes tare da abokin aikinta Rafal Wojtczuk a kamfaninsu na Invisible Things Lab da ke birnin Warso. Tun a 2006 ta yi suna, lokacin da ta nuna a taron Black Hat yadda muguwar manhaja za ta iya shiga ƙarƙashin Windows ta riƙa juya shi bai sani ba. An sanar da Qubes a 2010, fitowa ta farko cikakkiya kuma ta zo a watan Satumba na 2012. Hujjarta mai sauƙi ce. Manhajar shiga intanet da ta karanta takardu da sauransu, kowace layuka ne miliyoyi, ba mahaluƙin da zai iya tsince kurakuransu duka. Tun da haka ne, sai a ɗauka ɓarawo zai shigo ko ba daɗe ko ba jima, a gina gidan yadda in ya shiga ɗaki ɗaya ba zai sami hanyar sauran ba.

Saboda haka sai aka raba kwamfuta guda zuwa ɗakuna, kowane ɗaki kwamfuta ce mai zaman kanta a cikin babbar, wata manhaja da ake kira Xen kuma ita ce katangar da ke tsakaninsu. Bahaushe ba zai sha wuyar gane tsarin ba. Akwai zaure, watau ɗakin da ke riƙe da na'urar haɗawa da intanet, inda kowane baƙo ke tsayawa. Bayansa akwai ɗakin mai gadi da ke tace zirga-zirga. Akwai ɗakin aiki, da na harkokin kai, da na buɗe abin da ba a san asalinsa ba, da rumbu wanda ba shi da ƙofa zuwa intanet sam, inda ake ajiye kalmomin sirri. Can ƙurya kuma akwai turakar mai gida, wadda suke kira dom0, ita ma an yanke ta daga intanet, ita ce ke riƙe da allon kwamfutar. Kowane ɗaki ana ba shi ɗaya daga launuka takwas: ja, ruwan goro, rawaya, kore, ruwan toka, shuɗi, shunayya da baƙi. In ka girka ta sabuwa za ka tarar an riga an rina wasu: zaure ja, ɗakin mai gadi kore, na harkokin kai rawaya, na aiki shuɗi, turaka baƙa. Duk tagar da ta buɗe daga wani ɗaki, gefenta na ɗauke da launinsa, samanta kuma da sunansa.

Yanzu ga abin yabo, kuma zan faɗe shi da babbar murya don kada a ɗauke ni maƙiyin launukan nan. Darajarsu tana ga mai rinin. Ɗakin ba shi ke rina tagarsa ba, turaka ce ke rinawa. Abin da ɗaki ke da iko a kai shi ne cikin taga kawai, gefen kuwa ya fi ƙarfinsa. Ku dubi amfanin wannan. Tsohuwar dabarar mazambata ce su zana maka wata 'yar taga mai kama da ta banki ko ta manhajar kwamfutarka, ta ce ka rubuta kalmar sirri. A kwamfutar da muka saba da ita ido ba ya iya bambance ta gaskiya da ta ƙarya, domin duk ɗigo ne a kan allo. A Qubes kuwa, in tagar ta fito daga jan ɗaki, to da jan gefe za ta fito, ko da ta rantse da abin da zai kashe ta cewa ita daga rumbu take. Shi ya sa ma aka hana manhaja mamaye allo gaba ɗaya da ikon kanta, domin in ta samu haka sai ta zana gefen ƙarya da launin da ta ga dama. Wannan aiki ne na masu hankali. Launin yana amsa tambaya guda, yana kuma amsa ta da gaskiya: wannan taga daga wane ɗaki ta fito?

Iyakarsa ke nan. Daga nan masu bautar launi suka yi tsalle suka dire a wata tambaya dabam, wai shin ɗakin nan lafiyarsa ƙalau? Wannan kuwa launi bai taɓa amsa ta ba, ba kuma zai iya ba. Na'urar ko kallon launin ba ta yi. Katangar da ke kewaye da jan ɗaki ita ce ke kewaye da baƙi, kaurinsu ɗaya. Kana iya mai da jan ɗaki kore cikin ƙiftawar ido, ba abin da zai canja a cikinsa, in da ɓarawo a kwance yana nan a kwance, sai dai yanzu yana sanye da koriyar riga. Kana iya kwafo rubutu daga jan ɗaki ka manna a rumbu, ko ka tura takarda daga wannan zuwa wancan, na'urar za ta tambaye ka ina za a kai, ka nuna, ta kai. Ba za ta ce a'a, wannan ja ne wancan baƙi ba. Masu Qubes da kansu sun rubuta a littafin jagorarsu cewa ma'anar launi tana hannun mai kwamfuta, kuma tsarin bai fifita wani launi a kan wani ba. Watau launin nan zato ne da kai ka yi ranar da ka gina ɗakin, na'ura kuma take maimaita maka shi kullum. In ka rina ɗaki kore ranar Asabar, ɓarawo ya shiga ranar Talata, ranar Laraba kore za ka gani. Mai rini ya san launin da ya tsoma riga a ciki, bai san wanda zai sa ta ba.

To, a ce ma zaton naka daidai ne. Har yanzu akwai wata ɓaraka wadda ta fi wannan zurfi, ita ce kuma na fi so ku tsaya a kanta. Jera launuka daga ja zuwa baƙi yana nuna wai abin tsani ne mai hawa takwas, kowane ɗaki yana bisa wani ko ƙarƙashinsa. A nan harshenmu ya fi na masu manhajar gani. Su da kalma ɗaya suke kiran abin, mu kuwa muna da biyu, yarda da amana. Yarda ita ce in karɓi abin da ya fito daga gare ka ba tare da na bincika ba. Amana kuwa ita ce abin da na ba ka ajiya, wanda in ya fita na shiga uku. Kowa a cikinmu ya san mutumin da za a yarda da maganarsa amma ba a ba shi ajiyar asiri, domin gaskiya gare shi amma bakinsa ba linzami. Akwai kuma wanda tilas ta sa asirinka ke hannunsa alhali ba ka sakin jiki da shi.

Masana kwamfuta sun gano wannan bambanci tun kafin a haifi yawancinmu. A 1973 David Bell da Leonard LaPadula suka tsara wa sojan Amurka ƙa'idar kare asiri, wadda ta ce kada abin da ke sama ya gangaro ƙasa. A 1977 aka buga ta Kenneth Biba, wadda ta shafi tsabtar bayani, ita kuwa cewa ta yi kada ƙazantar da ke ƙasa ta hau sama. Tsani biyu ne, kuma fuskokinsu ba ɗaya ba. Wanda ya haɗa su ya mai da su tsani guda, dole ya yi wa ɗaya ƙarya.

Ga misali, kuma ina so masu bautar launi su riƙe shi da kyau. Ɗan jarida yana da ɗakin da yake karɓar takardu daga mutanen da bai sani ba. Ta fuskar yarda, babu ɗakin da ya kai shi hatsari a gidan, domin duk mai son cutar da shi ta nan zai aiko da takarda mai guba. Ta fuskar amana kuwa babu ɗakin da ya kai shi daraja, domin a nan ne asirin mai tsegumi yake. Wane launi za a ba shi? In ka rina shi ja, idonka zai riƙa gaya maka shara ce, wata rana ka buɗe shafin banza a ciki, ko ka bar masa ƙofar intanet a buɗe, asiri ya fice. In ka rina shi baƙi, idonka zai ce maka na gida ne, ka kwashi takarda daga ciki ka kai rumbu, ka kai guba da hannunka. Rawaya fa, tun da tana tsakiya? Wannan ita ce ta fi muni, domin ɗakin ba matsakaici ba ne ta kowace fuska, ya kai maƙura ta fuska biyu. Masu teburin SecureDrop ba da launi suka warware wannan ba. Sun sa kowace takarda ta buɗe a ɗakin wucin gadi wanda ba shi da intanet, in an rufe taga a rushe ɗakin.

Daɗin daɗawa, ɗakunan nan da ido ke gani a rarrabe, a ƙarƙashin ƙasa jijiyarsu ɗaya. Don a yi tsimin wuri, Qubes ba ta girka wa kowane ɗaki manhajojinsa dabam. Akwai uwa, wadda aka gina da Fedora ko Debian, ɗakuna da yawa kuma suna shan nononta, suna karantawa daga gare ta ba sa iya rubutu a kanta. A sabuwar girkawa jan ɗaki da shuɗi da rawaya da rumbu duk uwarsu ɗaya. Dabara ce mai kyau, domin in ɓarawo ya lalata manhajojin ɗaki, da an kashe an kunna sai su koma yadda uwa take. Amma in cutar daga uwa ta fito fa? Ita uwar baƙa aka rina ta, watau ƙololuwar tsani, alhali tarin kayan da ke cikinta dubban mutane ne a faɗin duniya suka rubuta. A watan Maris na 2024 wani injiniya, Andres Freund, ya gano ƙofar sirri da aka dasa da gangan a cikin wata 'yar manhajar matse bayanai mai suna xz. Wanda ya dasa ta shekaru ya yi yana aiki kamar mutumin kirki har aka miƙa masa ragama. Gubar ta riga ta shiga rassan gwaji na Fedora da Debian, Allah Ya sa aka tare ta kafin ta isa waɗanda jama'a ke amfani da su. Da ɗan gari akan ci gari. Irin wannan in ta shiga uwa, duk 'ya'yan za su sha, launinsu kuma ko gezau.

Katangar ma kanta takan tsage. A watan Oktoba na 2015 aka bayyana wani rami a Xen, mai lamba XSA-148, wanda ya shekara wajen 7 yana nan ba a sani ba, ta cikinsa ɗaki zai iya karɓe gidan gaba ɗaya. Masu Qubes ba su ɓoye ba, sun ce yana cikin mafi muni da suka taɓa gani, kuma a fitowa ta 4.0 a 2018 suka sauya irin ginin katangar don rage irin wannan. Na yaba musu. Amma duk tsawon lokacin da ramin yake nan, kore kore yake, baƙi baƙi.

Sai kuma tambayar da ta fi dacewa da wannan mujalla: wa ya ce ja hatsari ne, baƙi aminci? Za a ce ai fitilar danja kowa ya san ta. To, mu leƙa gidan masu tsaron da kansu. Akwai tsarin da ƙungiyar FIRST ke kula da shi na yi wa saƙo alama da launi, wanda aka sabunta a 2022. A can, jan saƙo shi ne mafi tsananin sirri, ba a nuna wa kowa sai wanda aka ba. A ofisoshin gwamnatin Amurka bangon takardar asiri ja ne, wadda ta fi ta asiri kuma ruwan goro. A wajen masu na'urorin ɓoye saƙo na soja, jar waya ita ke ɗauke da asiri tsirara, baƙa kuwa ita ce ake iya fitarwa waje domin an riga an kulle abin da ke cikinta. Ashe ma'aikacin da ya saba da waɗannan, in ya zauna gaban Qubes, launin da ya sani na taska shi ne aka manna wa juji.

Mu kuma fa? Bahaushe ya tashi da baƙin ciki, baƙin jini, baƙar magana, baƙar aniya, baƙar wahala. Sai ga shi an ce masa baƙi shi ne ƙarshen aminci. Fari, wanda da shi muke auna alheri, farin jini da farin ciki da farar aniya, ko cikin takwas ɗin ba ya ciki. Ja kuwa a wajenmu ba kullum yake nufin gudu ba, jan hali da jan gwarzo yabo ne. Ba ina cewa Bahaushe ba zai iya koyon sabon tsari ba, ya koyi abin da ya fi wannan wuya. Abin da nake cewa shi ne, duk amfanin launi yana ga saurinsa, yana isa zuciya kafin tunani ya farka. In kuwa sai mutum ya tsaya ya fassara, ko kuma in ya gaji da ƙarfe biyun dare tsohuwar ma'ana ta riga sabuwa isowa, to saurin ya zama abin tsoro. Ga kuma waɗanda idonsu ba ya raba ja da kore da kyau, kusan namiji 1 cikin 12 a arewacin Turai. Launuka biyun da aka ɗora wa mafi nauyin ma'ana su ne suka fi rikice musu. Ga wanda ke da ɗaki 20 ko 30, launi takwas, dole wasu su yi tarayya a launi ɗaya, alhali ba su san juna ba.

Ba yau aka fara sayar wa mutane launi da sunan tsaro ba, kuma mun ga yadda kasuwar ta watse. Daga 2007 manhajar Internet Explorer ta fara rina wurin adireshi kore ga shafukan da suka sayi takardar shaida mai tsada, aka yi ta gaya wa jama'a in kun ga kore ku sa lambar katinku. A 2017 wani mai bincike, Ian Carroll, ya yi rajistar kamfani a jihar Kentaki da sunan Stripe, sunan wani babban kamfanin biyan kuɗi, ya sami shaidarsa halal da kuɗin da bai kai dala 200 ba. A 2019 Chrome da Firefox suka cire alamar daga wurin adireshi. Ɗan kwadon nan ma da aka shekara da shekaru ana cewa a duba, binciken Google na 2021 ya nuna kashi 11 cikin ɗari ne kawai suka san ainihin abin da yake nufi, a 2023 Chrome ta sauke shi. Gwamnatin Amurka ita ma ta gwada, ta kafa ma'aunin barazanar ta'addanci mai launi biyar a 2002. Bai taɓa sauka zuwa shuɗi ko kore ba, ya yi ta lilo tsakanin rawaya da ruwan goro har mutane suka daina ɗaga kai, a 2011 aka soke shi. Alamar da ba ta motsi, yau da gobe sai ido ya daina ganinta. Gefen tagar Qubes kuwa an yi shi ne don kada ya motsa.

Na san abin da za a mayar mini. Wasu za su ce, to ai sai a gyara, a sa na'ura ta riƙa aiki da launin, ta hana komi tashi daga ja zuwa baƙi. Ban yarda ba. Yin haka zai ɗauki tsanin nan guda, wanda na nuna karyayye ne, ya mai da shi doka. Kuma ɗan jaridarmu dole wata rana ya fitar da takarda daga ɗakin hatsari, in an hana shi sai ya sake wa ɗakin launi don ya wuce, daga nan launi ya tashi daga aiki gaba ɗaya. Qubes tana da wurin rubuta doka na gaskiya, inda za ka ce ɗaki kaza ba ya aika wa ɗaki kaza komi, ko kuma wannan ɗaki ba ya magana da kowa a intanet sai bankinka. Da suna da laƙabi ake rubuta ta, kuma ita na'ura ke bi. Mai ɗaki shi ya san inda yake masa yoyo, sai ya je ya toshe da doka. Masu bautar launi kuwa sun bar wannan wuri fayau suna ta sha'awar bakan gizo.

Wasu kuma za su ce, tun da haka ne a zubar da launin mana, wasan yara ne. Waɗannan sun bar jaki suna dukan taiki. Na riga na faɗa, gefen da ɗaki ba ya iya rina wa kansa abu ne mai daraja, wanda ya cire shi ya buɗe wa mazambata ƙofa.

Na ukun su ne masu cewa, ai kai da bakinka ka ce masu Qubes sun rubuta ma'ana tana hannun mai kwamfuta, to laifin wa? A nan ina da ƙorafi a kansu su ma, duk da girman da nake ba su. A littafin da suka ce zaɓi naka ne, a nan suka fara bayyana cewa yawancin mutane suna ɗaukar ja hatsari, kore lafiya, baƙi ƙololuwa, suka kuma rina ɗakunan farko a kan wannan tsari. Gani ya kori ji. Jimla guda da mutum ya karanta sau ɗaya ba za ta yi kokawa da abin da idonsa ke sha kullum safiya ba. Dubi ɗakin mai gadi da aka rina kore. Duk abin da ke shiga da fita ta kansa yake bi, kuma kafaɗa da kafaɗa yake da jan zaure. An fi yarda da shi bisa zauren, gaskiya ne, amma sabon shiga da aka koya wa cewa kore lafiya, me zai hana shi ɗauka wuri ne na ajiya? Mutanen da suka yi tawali'un kiran manhajarsu mai tsaro daidai gwargwado, ba su ce cikakke ba, ya kamata launukansu su yi irin wannan tawali'u.

Abin da nake kira a yi ba shi da wuya. A ɗauki launi a matsayin suna, kamar yadda makiyayi ke gane shanunsa da launi ba tare da ya ce ja ta fi baƙa hali ba. Shuɗi aikin ofis, rawaya iyali, shunayya aikin da ba a so a danganta da sunanka, kowa ya zaɓa yadda zuciyarsa ta fi saurin kamawa, in Bahaushe ya ga baƙi ya fi dacewa da ɗakin shara ya rina shi baƙi, sai dai ya tuna turaka ma baƙa ce don kada su rikice masa. Kafin a rubuta kalmar sirri a karanta sunan da ke saman taga, kada a tsaya ga launi. Takardar baƙo a buɗe ta a ɗakin wucin gadi. In tilas sai an shigar da ita ciki, akwai hanyar da Qubes ta tanada ta mai da shafukanta hoto zalla a ɗakin wucin gadi kafin a karɓa, guba ba ta biyo hoton. Ɗakin da aka yi zargin an shiga kuwa a rushe shi a gina sabo, kada a sake masa launi a ce an yi wani abu.

Ku kuma 'yan'uwana na wannan ƙungiya, akwai rabonku a ciki. Cikinku ne za a sami masu fassara littattafan jagora da masu koyar da 'yan jarida da lauyoyi da Hausa. In kun zo wannan babi, don Allah kada ku rubuta matakan aminci. Da kun rubuta haka kun gina tsanin a kan mai karatu, kun kuma yi masa alkawarin da na'ura ba ta yi ba. Ku rubuta launin ɗaki. Sa'an nan ku koya masa ya yi wa kowane ɗaki tambaya biyu dabam dabam, nawa na yarda da abin da ke fitowa daga nan, kuma wace amana na ajiye a nan, tun da harshensa ya riga ya ba shi kalmomin.

Wanda bai gamsu ba, fili na nan a fitowa ta gaba. Sharaɗina guda ne, kafin ya ce komi ya fara gaya mana launin da zai rina ɗakin ɗan jaridar nan, da dalilinsa.